Fasassun tayil da idon mai aiki

Jiya muna tsakiyar shimfiɗa fasassun tayil a tsakar gidan nan ka tambaye ni, wai me ya sa a ƙasashen waje ake rataye irin wannan aiki a ɗakin nuni a kira shi fasaha, mu kuwa da mita ake biyanmu. Siminti na bushewa, shi ya sa ban tanka ba. Yanzu jawo bulo ka zauna, ɗana.

Sunan aikin mozayik, kuma ya girmi kakan kakanka. Masallacin Banu Umayya da ke Dimashƙa, wanda Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina wajen shekarar 715, har yau bangonsa na ɗauke da itatuwa da gidaje da kogi, duk da ƙananan gutsattsarin gilashi, wasu da zinariya a cikinsu. Ga abin da nake so ka riƙe: masu aikin wancan zamani ba sa danna gutsuren zinariya ya kwanta daidai da ɗan'uwansa. Sukan ɗan karkata shi, don haske ya doka ya dawo idon wanda ke tsaye a ƙasa. In ka matsa, bangon ya motsa tare da kai. Mu fa? Kullum ina yi maka faɗa ka sa katako ka daidaita, kada tsohuwa ta yi tuntuɓe. Daɓe haƙƙin ƙafa ne, bango kuwa haƙƙin ido.

Abu na biyu shi ne tafiyar gutsattsarin. Dubi yadda muke yi: ka ɗauki wanda hannunka ya kai, ka nemi gurbin da zai shiga, ka wuce. Mai mozayik na gaske jera su yake yi layi-layi, kamar zaren da mai ɗinkin hula ke bi. In ganye yake yi, layin ya bi jijiyar ganyen. In ruwa ne, ya yi ta lanƙwasa har ka ji kamar zai jiƙa ka. Turawan Italiya suna kiran wannan andamento, kuma a garin Spilimbergo akwai makaranta tun 1922 inda ake shekara 3 ana koyon sana'ar, ana fasa dutse da gilashi da 'yar guduma a kan kaifin ƙarfe, gutsure ɗaya bayan ɗaya. Ko tazarar da ke tsakanin gutsattsarin sai an yi tunani a kanta. Mu mukan cika ta da farin siminti mu goge. Da yawa daga masu aikin yanzu ba sa cikewa, saboda inuwar da ke faɗawa cikin ramin ita ma launi ce a wurinsu. Wasu har sukan tsayar da dutsen a kan gefensa, aikin ya yi tudu da kwari.

Kada ka ce ai su kayan tsada suke samu. A Barsalona, dogon bencin da ke lambun Park Güell, na magini Gaudí, da fasassun tayil da tangaran aka lulluɓe shi, irin waɗanda muke sharewa. Wanda ya fi burge ni ma wani Ba'indiye ne, Nek Chand, ma'aikacin duba hanyoyi a Chandigarh. Tun 1957 yake tsintar fasassun awarwaro da faranti da kwanon wanke hannu, yana kai su daji a ɓoye yana gina lambu, kusan shekara 18 hukuma ba ta sani ba. Da aka gano, sai aka buɗe wa jama'a a 1976. Wallahi duk lokacin da na ga an loda ragowar tayil a baro za a kai bola, shi nake tunawa, raina ya ɓaci.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Tsofaffin magina na Kano da Zariya sukan kafa tasa ko faranti a tsakiyar ɗaurin guga, wato inda bakunan rufin soro suka haɗu, don ido ya sami wurin sauka in an ɗaga kai. Yusuf Grillo, da ya yi karatun zane a Zariya, ya yi wa gine-gine a Legas mozayik.

To in ka tsaya gaban irin wannan aiki, fara daga nesa ka ga siffar. Sannan ka matso har ka ga gutsure guda, ka tambayi kanka me ya sa aka ɗora shi nan, aka juya shi haka. In amsar ita ce nan ne kawai ya shiga, daɓe ne, ko da an rataye shi a bango.

Gobe kada ka zubar da ragowar shuɗi da koren nan. Akwai falankin katako a bayan shago. Ka zana ganyen darbejiya guda ɗaya, ka yanka da filaya, kada ka taɓa inji. Ka kawo min in gani kafin ka sa siminti.