Amsar tambayarka kan tahiyar Lome

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tunda na yanke shawarar kai za ka tahi Lome babban birnin Togo saro atamfa bana a madadina, mi ya kamata ka riƙe, a ina za ka sauka, kuma yaya za ka yi kar a cuce ka tunda ba ka taɓa wuce Yamai ba. To zauna ka karanta a natse, gara in rubuta maka da in faɗa maka a kanti ana ciniki rabi ya shiga rabi ya zube.

Takardu dai ba su da wuya. Fasfo ɗinka, kati dantite, da karnen rigakahin shawara ɗin nan mai ruwan ɗorawa, shi ne wanda mutane suka hi mantawa kuma shi ake tsayar da mutum a kansa a iyaka. Ba ka buƙatar biza. Gaskiya ne mun hita daga CEDEAO tun 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu, kuma mu da Togo har yanzu muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu cin sefa irin tamu. Ka ɗauki hoton kowace takarda a salula, ka buga kwahi biyu, ɗaya a jaka ɗaya ka bar ma uwarka a gida. Kuɗi kuwa sefa ce iri ɗaya, ba canji ba ɗan canji. In ka duba jikin takardar za ka ga ƙaramin harahi, namu H nasu T, duk suna ci a ko'ina. Sefar Cadi da Kamaru ce ba ta ci, in wani ya saka maka ita cikin ƙunshi ka mayar masa. Kuma takarda yagaggiya ko wadda aka liƙe da salatif ka kashe ta a nan, can mata masu kanti sai su jefo maka abinka.

Hanya kuma ka san halin da ake ciki. Tun juyin mulkin 2023 da aka ruhe gadar Gaya da Malanbil kayanmu da yawa suka koma tashar jirgin ruwan Lome, kamiyoyi suna haurowa ta Sokode da Kara da Sinkase su shiga Burkina su bi ta Kaya da Dori su faɗo Tera da rakiyar soja. Wannan hanyar kaya ce, kai ba za ka bi ta ba. Ka hau bas daga nan Maradi zuwa Yamai, kilomita sama da 600 ne ta Konni da Dogondutsi da Doso, ka kwana, ka hau jirgi, kamfanin jirgin ASKY gidansu ma Lome ne. Na san za ka ce tike ya yi tsada, ni na biya, ba ruwanka. Da ka sauka ka mayar da agogonka baya da awa guda don suna bayanmu, in ba haka ba sai ka yi azahar rana ba ta gota ba.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna maka a kai. A garin da ba ka sani ba, mai masaukinka shi ne jarinka na farko, kuɗi na biyu ne. Kar ka sauka otel. Ba don tsada kaɗai ba, otel ɗaki yake ba ka, ba ya ba ka mutum. Za ka sauka Agwe Zongo a arewacin gari wajen maigidan da muka daɗe muna hulɗa da shi, na riga na kira shi, zan turo maka lambarsa daban. Tsohon zangon a tsakiyar gari yake da, gwamnati ta rushe shi a 1977 aka mayar da mutane can waje, shi ya sa akwai ɗan nisa tsakaninsa da kasuwa. A can za ka ji Hausa da Zabarmanci kamar kana Yamai, ga masallatai, ga tuwo da masa, ba sai ka tsaya tambayar naman mi ne a tukunya ba. Ka riƙa masa tsaraba, kilishi da ɗan ƙulli na goro ba laihi, in ka isa ka durƙusa ka gaishe shi yadda kake gaishe ni, ka miƙa masa ajiyar kuɗinka a gaban shaida a rubuta. Shi zai haɗa ka da dillali, kuma in dillalin ya yi maka ba daidai ba akwai inda za ka kai ƙara, don gobe ma a unguwar nan zai kwana. Wanda ya tare ka a bakin kasuwa yana ce maka Alhaji sannu da zuwa ɗan uwa ni ma ɗan Maradi ne, ka amsa gaisuwa da fara'a ka wuce. Jin Hausa ba shaida ba ce, ko'ina a bakin teku akwai mai jin Hausa. La'ada kuma a yanke ta tun kahin a taka ƙafa, nawa ne a kan turmi ko nawa ne a kan dila, kar ka yarda da maganar "sai abin da ka bayar", wanda ya faɗi haka ya riga ya ɗora nasa a kan farashi.

Kwana biyun farko kar ka sayi ko ƙyalle. Yawo za ka yi da ɗan littahi. Babbar kasuwa suna ce mata Asigame, a unguwar Adawlato kusa da teku da babbar majami'ar nan ta zamanin Jamus, babban gininta ya ƙone a Janairun 2013 shi ya sa za ka tarar da ƴan atamfa sun bazu a titunan kewaye, wasu manyan ma a saman bene suke ba allo ba komi, in ba a kai ka ba ba za ka san da su ba. Harkar a hannun mata take. Iyayensu da kakanninsu su ne Nana Benz ɗin da kake jin labari, waɗanda suka riƙe atamfar Holan a shekarun 1970 da 1980 har suna hawa Marsandi. Matar da za ka gani zaune kan kujera tana hura mahuci, kar ka raina ta, tana iya sayen kantinmu da abin da ke cikinsa ba ta taɓa asusu ba. Ka ce mata Mama, ka gaishe ta da ɗan faransancin da ka koyo a lakwal, kar ka fara da taya rabin kuɗi irin na ƴan kiri, ranka zai ɓaci. Kuma ka yi hankali da ƙidaya, mu in mun ce ɗari dala ɗari muke nuhi wato faran 500, su da faran suke ƙirgawa kai tsaye. Kowane farashi a buga shi a kalkuleta ka gani da idonka, sannan ka tambaya na yadi 6 ne ko na yadi 12, don su abin da suke kira fiyes guda turmi biyu ne a wajenmu, rikici da yawa daga nan yake tasowa.

Gane kaya ka iya shi a kanti amma can ido yakan ruɗe saboda yawa. Holan ta gaske Vlisco ke yin ta a garin Helmond, ka juya bayanta ka ga launi ya ratsa kamar gaba, ka duba bakin zanen akwai sunan kamfani da lambar zane, ka lura da ɗan tsatsagin nan da tabon kakin da ba ya maimaita kansa daidai wa daida. In tabon ya dawo wuri guda sak a kowane yadi, inji ne ya zana shi, kwaikwayo ne. Ni ba ni da faɗa da ƴar Cana, ita ce ma ke ciyar da mu, Hitarget nawa muke sayarwa kahin mu sayar da Holan guda, ga Uniwax ta Abijan a tsakiyarsu. Abin da ban yarda da shi ba a sayar maka da ƴar Cana a kuɗin Holan. Ka fidda ta waje ka duba a hasken rana, hitilar kanti tana ƙara wa atamfa kyau. Ka shinshina, garin akwai laima, kayan da suka daɗe a magaza suna ɗaukar warin hunhuna kuma ba ya hita. Samfur da aka nuna maka a kanti daban, dilar da za a ɗaure maka daban, sai an kwance a gabanka ka zaro daga tsakiya, ka ƙirga turmi turmi, a ɗaure, ka rubuta alamarmu da lambar salula a jiki da hannunka, sannan kuɗi su hita. Ko an ce maka sauri ake za a ruhe magaza, gobe ma rana ce.

Kar kuma abin da ke tashe a Lome ya ja ka. Matan Maradi za ka sayar wa da ƴan Katsina da Jibiya masu shigowa ta Ɗan Isa, ka san ba su son zane mai hoton mutum ko dabba tunda da shi za a yi salla, kuma mai anko so take ta samu turmi 30 ko 40 iri guda, gara ka ɗauki zane kaɗan da yawa-yawa da ka tsinto kowane iri biyu-biyu.

Sai lissahi, nan ne yara ke faɗuwa. Farashin da ka ji a Asigame zai sa ka ga kamar mun yi arziki, to ba farashin kaya ba ne wannan. Farashin kaya shi ne abin da turmi ya tsaya mana ranar da aka sauke shi a ƙofar kanti. Ka ɗora la'ada, ɗan dako, kuɗin magaza, tiranzite, kuɗin mota, duwan, da abin da kai kanka ka ci ka sha ka hau, ka raba a kan turmi, sannan ka tuna kayan suna iya yin makonni a hanya suna jiran ayari, kuɗinmu a kwance, in kuma suka iso bayan Salla sai mu zauna da su har lokacin bukukuwa. Shi ya sa nake tura ka tun azumi da saura. In ka haɗa lissahin ka ga bai hi abin da za mu samu wajen manyan ƴan sari a nan da wani abin kirki ba, ka rage saye, ba kunya ba ce ka dawo da kuɗi. Faktir kuma a rubuta gaskiyar adadi da irin kaya. Za a samu mai ba ka shawarar a rage a takarda don duwan ta yi sauƙi, ka ce maigidanka ya hana. Kowane rasi ka ɗauke shi hoto ka turo min ta WhatsApp a daren, har lambar kamiyo da ta direba.

Sauran ƙanana ne. Ka sayi sim na can ranar da ka sauka, da fasfo ake yi. Kabu-kabunsu zemijan suke ce masa, ku yi ciniki kahin ka hau, ko ka sa manhajar Gozem kuɗin ya hito maka a rubuce. Kar ka ɗauki hoton soja ko tashar jirgin ruwa ko fadar shugaban ƙasa, siyasarsu kuma ba taka ba ce, tamu ma in an ja ka da ita a kasuwa ka ce kai atamfa ta kawo ka. Teku ka je ka gani da rana, na san ba za ka haƙura ba, amma kar ka shiga, igiyar ruwan wajen tana jan mutum, kuma kar magariba ta same ka a bakin yashi. Iyakar Gana a Aflawo cikin gari take, ƙafa ma tana kai ka, za a ce maka ka leƙa kaya sun hi araha, wanga karon a'a, can sidi ake ci da turanci kuma wata duwan ce daban. Ka sha ruwan leda ko na gora, ka kwana cikin gidan sauro.

Kuɗin sarin ba za ka ɗauke su duka a jiki ba, na guzuri kawai da ɗan abin kafin alƙalami. Sauran sai ka gama zagayen kwana biyun ka karanto min farashi daga littahinka, ni da maigidan can mu yi magana, sannan in tura. Ka biyo ta gida gobe bayan la'asar ka karɓi tsarabarsa, ka zo da karnen in gani da idona.