Hukuncin tsawwala kuɗin tsohon jirgin kamun kifi saboda ƙaunar da mai shi ke masa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni masunci ne a ƙasar Yauri. Ina da jirgin katako da mahaifina ya ba ni tun yana da rai, na shekara goma sha huɗu ina su da shi, a cikinsa na samu abin da na yi aure na gina ɗaki. Yanzu ciwon baya ya hana ni shiga ruwa, ina son in sayar da shi da injinsa in kama sana'ar kifi busasshe. Dillalai sun yi masa kuɗi, ni kuma zuciyata ba ta yarda da ƙasa da ninkin abin da suka faɗa ba. Ya halatta in sa wannan kuɗin? Sannan akwai wani katako a ƙasansa da ke yoyo, na toshe na shafe da kwalta, dole ne sai na faɗa? Kuma zan iya gindaya wa mai saye sharaɗin kada ya sayar wa kowa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ka lafiya, ya sa albarka a sabuwar sana'ar.

Game da farashi, jirginka ne, kana da ikon ka sa masa kuɗin da ka ga dama. Sharaɗin da Alƙur'ani ya kafa wa ciniki, a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, shi ne yardar juna, kuma shari'a ba ta yanke wa riba iyaka ba. Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya yi masa addu'ar albarka, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Idan mai saye ya san jirgi, ya duba, ya taya, ka ce albarka, ya ƙara har ka sallama, kuɗinka halal ne ko da ya ninka ƙiyasin dillalai.

Sai dai in gaya maka abin da watakila ba za ka so ji ba. Wanda zai saya, kuɗin katako da ƙusa da inji kawai zai biya. Auren da ka yi da kuɗin jirgin, da asubahin da kuka riƙa fita kai da mahaifinka, duk suna nan tare da kai, ba za su bi shi gida ba, don haka da wuya ya biya kuɗinsu. Ka nemi mutum biyu ko uku cikin masu haɗa jirage da wani bakaniken inji da ba su da rabo a cinikin, su yi masa kuɗi tsakani da Allah. In abin da suka faɗa bai kwanta maka ba, babu wanda ya tilasta maka sayarwa. Kana iya ba da shi haya ga wani yaro amintacce a kan kuɗi sananne da lokaci sananne, jirgin na nan a hannunka.

Inda nake jin tsoro shi ne hanyar da za ka bi ka kai ga wannan kuɗi. Mai son abu ba ya ganin muninsa, kuma daga nan ake zamewa. Kada ka ce an taya shi kaza alhali ba a taya ba. Kada ka bar dillali ya kawo wani ya yi tayin ƙarya don a zuga mai saye, wannan shi ne najashu, kuma an hana shi a hadisin Ibnu Umar. Kada ka yi rantsuwa, domin rantsuwa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka. Idan kuma baƙo ne ya zo, bai san kan jirgi ba, ya ce maka sayar mini yadda ake sayarwa, na yarda da kai, to wannan ya ɗora maka amana, kuma a mazhabar Malikiyya in ka cuce shi yana da damar warware cinikin. Ka kuma tsaya a kan cinikin tayi da sallamawa. In ka shiga cewa mahaifina ya saye shi kaza, na kashe masa kaza, a ɗora mini riba, ka shiga babin murabaha, inda Shehu Halilu a Muhtasar ya wajabta bayyana har daɗewar da kaya ya yi a hannun mai shi.

Maganar katakon nan ita ce mafi nauyi a tambayarka, ko da yake ka sa ta a tsakiya kamar ƙaramin abu. Wajibi ne ka faɗa. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kwaltar da ka shafa gyara ce, ba laifi. Amma in ka yi shiru ta zama busasshen hatsin da aka rufe jiƙaƙƙe da shi. Ibnu Abi Zaid a Risala ya lissafa ɓoye aibi cikin abubuwan da ba sa halatta a ciniki. Kuma faɗa a dunƙule ba ta wadatarwa: ka ce tsohon jirgi ne, na sayar yadda yake, wannan ba ya sauke maka nauyin aibin da ka sani. Ka jawo shi tudu, ka ɗora hannunsa a kan katakon, ka gaya masa yaushe ya fara yoyo da sau nawa kake kwarfe ruwa in an yi nisa. Haka injin, in an taɓa buɗe shi ko yana mutuwa a tsakiyar ruwa.

Ka tuna jirgin miskinan nan na Suratul Kahfi. Aibin da Halliru ya yi masa ne ya sa sarkin ƙwace ba zai kula shi ba, wato tun can an san aibi yana rage darajar jirgi, kuma wanda ya ɓoye shi ya karɓi kuɗin lafiyar da babu ita. Ga shi kuma aibin jirgi ya wuce maganar kuɗi. Mutanen wannan yanki ba su manta jirgin da ya tarwatse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, inda rayuka masu yawa suka salwanta. Wanda ya sayi jirgin su yau, gobe yana iya ɗaukar iyalinsa da kaya zuwa kasuwa a ciki. In ya gano aibin daga baya yana da haƙƙin mayar maka ya karɓi kuɗinsa, wannan fa in Allah ya sa ya dawo.

Sharaɗin kada ya sayar wa kowa bai inganta ba, don ya ci karo da manufar ciniki, wato mallaka. A wurin malamanmu irin wannan sharaɗi yana ɓata cinikin, sai fa in ka janye shi. Abin da za ka iya shi ne ka zaɓi wanda za ka sayar wa, ko da wani ya fi shi tayi, sannan bayan ciniki ya faɗa ka roƙe shi in zai rabu da jirgin ya fara tuntuɓarka, a matsayin alfarma.

Akwai abu ɗaya da ba ka tambaya ba. Ka ce mahaifinka ya ba ka tun yana da rai. In yana da lafiyarsa ya ba ka kuma ka karɓa a lokacin, naka ne kai kaɗai. In kuwa aiki kawai ya sa ka yi da shi har ya rasu, to gado ne, 'yan'uwanka maza da mata suna da rabo, sai da yardarsu za a sayar. Zakka babu ita a kan jirgin kansa tunda kayan aiki ne, kuɗin da ka karɓa kuma shekararsu tana farawa daga ranar da suka shigo hannunka, in sun kai nisabi.

Wallahu a'alamu.