Wai da gaske akwai giɓi a jometirin Iklidis?

Tambaya: Salam Malam, ina karatun lissafi a jami'a, lakcaranmu ya ce littafin Iklidis yana da ramuka har sai da aka sake masa tushe, to ta yaya abin da aka fi shekara 2000 ana koyarwa zai zama da gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, lakcaranku gaskiya ya faɗa. Sakamakon da Iklidis, masanin lissafi Bagirke, ya fitar a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa daidai suke, matsalar ita ce wani lokaci zane yake dogaro da shi ba ƙa'idojin da ya shimfiɗa ba. Duba hujjarsa ta farko ma, ya zana da'ira biyu ya ce ga inda suka haɗu, amma cikin ƙa'idojinsa babu wadda ta tabbatar dole su haɗu, ido ne kawai ya gani. Haka maganar ɗigo yana "tsakanin" ɗigo biyu, bai taɓa sa mata ƙa'ida ba sai Moritz Pasch a 1882, sannan David Hilbert a Jamus ya zo a 1899 da littafinsa kan tushen jometiri ya tsara ƙa'idojin rukuni biyar, ɗigo da layi kuma ya bar su bai fayyace ma'anarsu ba, alaƙarsu kaɗai ke aiki.

Inda ni abin ya fi burge ni shi ne nisba, wato kwatanta girman tsawo ɗaya da wani (ratio). Ka ɗauki murabba'i, gefensa da layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa babu wani ma'auni komai ƙanƙantarsa da zai auna su biyun cif, to ya za ka kwatanta su? Dabarar Eudoxus, wani masanin Girka da ya riga Iklidis, da ke kashi na 5 na littafin Iklidis ita ce, in kana da tsawo huɗu kana son sanin ko nisbar na farko da na biyu ɗaya ce da ta na uku da na huɗu, ka ninka na farko da na uku da kowane adadi iri ɗaya, na biyu da na huɗu da kowane adadin kuma, in duk lokacin da na farko ya fi na biyu na uku ma ya fi na huɗu, haka in sun yi daidai ko sun gaza, to nisbar ɗaya ce. Wallahi wannan tunani ne mai zurfi, kusan shi masanin lissafi Bajamushe Dedekind ya farfaɗo da shi a 1872 wajen gina lambobi. Amma dabarar tana buƙatar ƙa'idar Archimedes, cewa ƙaramin tsawo in ka yi ta ninka shi zai wuce babba. Hilbert sai ya nuna ana iya tarawa da ninka tsawon layuka ta hanyar zane kawai da taimakon sakamakon Pascal (wani sakamako kan ɗigo shida da ke kan layuka biyu), ya gina nisba gaba ɗaya ba tare da Archimedes ba. Ka fara da babi na 3 na littafin Hilbert ɗin, can wannan aikin yake.