Kwana ɗaya a Grand Canyon daga Las Vegas: zai yiwu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da taro a Las Vegas a watan Oktoba, kuma bayan an tashi zan samu kwana biyu kafin jirginmu. Ina so in ɗauki motar haya in kai maiɗakina da mahaifina Grand Canyon, mu kwana ɗaya mu dawo. Wasu sun ce tafiyar awa biyu ce, wasu sun ce ta kusa awa biyar. Wanne ne gaskiya, kuma kwana ɗaya zai isa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun ba su yi maka ƙarya ba, wurare biyu daban suke nufi. Mai cewa awa biyu da ɗoriya yana maganar Grand Canyon West ne, inda gadar gilashin nan ta Skywalk take, wadda aka buɗe a 2007. Wannan ƙasar ƙabilar Hualapai ce, su ke gudanar da ita da nasu tikitin, ba ta cikin gandun da gwamnatin Amurka ta keɓe a 1919. Grand Canyon wawakeken kwazazzabo ne da kogin Kolorado ya ratsa a jihar Arizona, kuma wurin da ka saba gani a hotuna, mai faɗin da ido ba ya ƙure shi, shi ne gefen kudu na gandun, wanda za ka ga an rubuta South Rim a allunan hanya. Daga Las Vegas kusan kilomita 450 ne, kamar ka taso daga Kano ka nufi Abuja, awa huɗu da rabi in ba a tsaya ba. Tunda kwana za ku yi, can nake ba ka shawara ka nufa.

Hanyar ba ta da ruɗani. Ka hau titi mai lamba 93, ka wuce ta gefen madatsar ruwa ta Hoover har garin Kingman, ka kama babban titi mai lamba 40 zuwa Williams, sannan ka juya arewa a kan lamba 64. Ka cika tanki a Kingman ko Williams, don mai ya fi tsada in an kusanci gandun. Kuɗin shiga dala 35 ne ga mota ɗaya, yana aiki har kwana bakwai, kuma da kati ake biya, ba a karɓar tsaba a ƙofa. Daga farkon 2026 an ɗora wa baƙin da ba mazauna Amurka ba ƙarin kuɗi mai tsoka a kan kowane mutum, don haka ka duba shafin hukumar gandun kafin ka yi lissafin aljihu.

Abin da zai sa wahalar nan ta biya kuɗin sabulu shi ne inda za ku kwana. Da tsakar rana kwazazzabon nan ba ya nuna kansa: haske ya yi yawa, inuwa ta ɓace, duwatsun su koma launi guda, mutum ya tsaya minti goma ya ce ashe shi ke nan. Sai rana ta yi gora sannan inuwa ke sauka cikin lunguna, ka fara rarrabe hawa-hawan dutsen, fari-fari daga sama, ja a tsakiya, baƙi can ƙasa kusa da kogin Kolorado. Wannan na saman da za ku taka ya kai shekara miliyan 270, har da burbushin halittun teku a jikinsa. Na ƙasan ya haura shekara biliyan 1.7. Zurfin ya fi kilomita ɗaya da rabi. Wanda ya zo ya koma a yini guda, tsakar ranar nan kawai yake samu. Kai kuwa kana da faɗuwar rana da fitowarta, muddin masaukinka na kusa.

Saboda haka ka nemi ɗaki tun yanzu. Masaukan cikin gandun, irin su El Tovar da aka buɗe a 1905 da Bright Angel Lodge, a bakin kwazazzabon suke, amma sukan cika tun watanni kafin lokaci. In ba ka samu ba, ƙauyen Tusayan na dab da ƙofar shiga. Williams ya fi araha, sai dai tafiyar awa guda ce, kuma ban so maka tuƙin dare a hanyar ba, don manyan barewar nan da ake kira elk suna tsallaka titi cikin duhu, ko wace ta fi jaki girma.

Ku bar Las Vegas da ƙarfe takwas na safe, ku isa wajen biyu na rana. A Oktoba agogon Nevada, jihar da Las Vegas take, da na Arizona ɗaya ne. Sai daga farkon Nuwamba Arizona ke shiga gaba da awa guda. Ku ajiye kaya, ku yi ƙasaru ku haɗa Azahar da La'asar. Alƙibla a can arewa maso gabas take, wato kusan kwazazzabon za ku fuskanta. Daga nan ku ajiye mota ku hau bas ɗin gandun, kyauta ne. Titin Hermit a rufe yake ga motocin jama'a daga Maris zuwa ƙarshen Nuwamba, bas ɗin ne zai kai ku Hopi Point, inda aka fi kallon faɗuwar rana, wajen ƙarfe shida. Ku je da sauran awa guda, wurin yana cika. Bayan sallar Asuba kuma ku nufi Mather Point ko Yavapai Point. Rana na fitowa wajen shida da rabi.

Maganar Baba ita ce ta fi muhimmanci a wajena. Bakin kwazazzabon yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100 daga teku. Numfashi kan yi wa dattijo nauyi, musamman mai hawan jini ko ciwon zuciya, kuma da asuba sanyin Oktoba kan kusa daskarar da ruwa ko da kun baro zafi a Las Vegas. A tanadar masa rigar sanyi mai kauri, da hula, da safa, ya riƙa shan ruwa a kai a kai. Hanyar ƙafa da ta bi bakin kwazazzabon tsakanin Mather da Yavapai a shimfiɗe take, ta ishe shi. Ba ko'ina ne aka kafa shinge ba, kada neman hoto ya kai kowa baki-baki.

In kai da maiɗakinka kuna son leƙa ciki, ku bi hanyar South Kaibab zuwa Ooh Aah Point, kusan kilomita ɗaya da rabi, ku juyo. Babu ruwa a hanyar, kuma hawowa kan ci ninkin lokacin gangarawa. Batun sauka har kogi a dawo rana ɗaya kada ma ya taso, ma'aikatan gandun da kansu suna gargaɗi a kai. Kuregun wurin sun saba da mutane, suna cizo, kada a miƙa musu abinci.

Ku yo guzuri daga Las Vegas, inda ake samun shagunan halal. A gandun sai dai ku dogara da kifi da ganye da burodi. In lokaci ya ba da dama bayan karin kumallo, hasumiyar Desert View da aka gina a 1932 tana gabas, tafiyar minti arba'in, kuma daga can ake ganin kogin sosai. Amma zuwa da dawowa za su ci muku kusan awa biyu, don haka ku kama hanyar Las Vegas kafin ƙarfe sha biyu, kuma ka tabbata jirginku na washegari ne, ba na daren ranar ba.