Tambaya da Amsa: Waƙar Rarrashi da Barcin Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata biyar, ba ya barci sai an sha fama. An ce in riƙa yi masa waƙa, to ni ba ni da murya, ban ma iya waƙoƙin raino ba. Yaya zan yi? (Wata uwa)

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Jariri ba ruwansa da zaƙin murya. Tun yana ciki, a watanni ukun ƙarshe, yake jin taki, shi ya sa da an haife shi yake gane ta cikin ta sauran mata. Kalmomin ma ba su ne ke aikin ba. A wani bincike na Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda ya fito a 2020, an kunna wa jarirai 144 waƙoƙin raino cikin harsunan da ba su taɓa ji ba, sai aka ga bugun zuciyarsu ya sauka. Abin da ke kwantar da su shi ne taushin sautin, da tafiyarsa a hankali, da maimaici.

Don haka ki haɗa taki waƙar. Jimla biyu ko uku sun isa, da sunansa a ciki, ki yi ta juya su. Saurin ya zama kamar bugu ɗaya a kowace daƙiƙa, wato 60 zuwa 80 a minti, muryar ƙasa-ƙasa, ba ɗagawa kwatsam. In ya fara rigima kada ki soma da raɗa, ba zai ji ki ba. Ki ɗan ɗaga murya daidai da kukansa, ki riƙa jijjiga shi bisa tafiyar waƙar, sannan ki dinga sassautawa har ta koma ɗan sautin "mmm" a maƙoshi, baki a rufe. Yana kwance a ƙirjinki zai ji rawar muryar a jikinsa, kuma za ki ga hannun da ya dunƙule ya fara sakewa.

Waƙar ta zama ɗaya kullum, a gurbi ɗaya: a goge masa jiki, ya sha nono, a rage haske, sai waƙa ta minti biyar zuwa goma. Nan da mako ɗaya ko biyu zai ɗauke ta a matsayin alamar barci. Inda aka fi yin kuskure shi ne lokaci. Ɗan wata biyar yakan gaji bayan kamar awa biyu ido biyu. Da kin ga hamma, ko murza ido, ko yana kau da fuska, ki fara. In aka bari gajiya ta wuce kima, zai ƙara rikicewa, waƙar ba za ta kama shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan wata 4 zuwa 11 na buƙatar awa 12 zuwa 16 a yini da dare, har da barcin rana.

Tambaya: 'Yata 'yar shekara ɗaya da rabi ba ta barci sai da kiɗa a waya, kuma da ya tsaya sai ta farka da kuka, wani dare har sau huɗu. (Wani uba)

Amsa: Malam, ba kiɗan ne ya tashe ta ba. Barcin ƙananan yara zagaye-zagaye yake, kusan kowace awa sukan ɗan farfaɗo. Wadda ta yi barci da kiɗa, ta farfaɗo ta ji tsit, za ta nemi abin da ya ɓace. Gyaran shi ne kiɗan ya ƙare kafin barci ya ɗauke ta. A dare ukun farko ka rage ƙarar, bayan nan ka riƙa kashewa lokacin da idonta ya yi nauyi amma ba ta tafi ba, ka maye gurbinsa da muryarka da ɗan bubbuga baya. Za ta yi ƙorafi na wasu darare, a daure. Wayar kuma a kife ta nesa da shimfiɗa, don haskenta yana wartsake yaro, kuma a guji abin da talla kan faɗo a tsakiyarsa da ƙara. Abin jin sauti da ake sawa a kunne kuwa hatsari ne ga kunnen yaro, kada ma a gwada.

Tambaya: Na'urar nan mai fitar da sautin ruwan sama ko na iska, tana da illa? (Wata mai raino)

Amsa: Tana taimakawa wajen rufe hayaniyar waje, illarta a ƙara take. A 2014 likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada sun gwada irin waɗannan na'urori 14. Da aka ƙure su a tazarar santimita 30, dukkansu sun haura desibel 50 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), iyakar da ake so a ɗakin jarirai na asibiti, uku ma sun wuce 85, ƙarar da ke iya lahanta jin babban mutum in ya daɗe a cikinta. Ki ajiye ta aƙalla mita biyu daga kan yaron, igiyar wutarta inda hannunsa ba ya kai, kada ki ƙure ta. Ki sa kunnenki inda kansa yake: in sai kin ɗaga murya za a ji maganarki, ta yi yawa.

Tambaya: Nakan yi ta waƙa amma jaririyata 'yar wata biyu ba ta daina kuka. (Wata mai jego)

Amsa: Sannu da hidima, mai jego. Waƙa ba ta maganin yunwa, ko jiƙaƙƙen ƙunzugu, ko iska a ciki, sai a fara duba waɗannan. In ba su ba ne, masu bincike a Japan sun nuna a 2022 cewa ɗaukar jariri mai kuka a yi tafiya da shi minti biyar ba tsayawa, sannan a zauna da shi minti biyar zuwa takwas kafin a kwantar, yana rage farkawa. Ki yi waƙar bisa takun ƙafarki. Ki kwantar da ita rigingine a shimfiɗa mai ƙarfi, ba matashi, ba tarin zannuwa.

Amma in zafin jikinta ya kai digiri 38, ko ta ƙi kama nono, ko numfashinta ya canza, ko kukan ya zama mai tsini ba irin wanda kika saba ji ba, ki kai ta asibiti a take, ko da tsakar dare ne. Haka ma in kin lura ƙara mai ƙarfi ba ta firgita ta, ki nemi a auna jinta.