Idan tarkacen roka ya faɗo kan gidan mutum, wa zai biya?

Tambaya: Malam barka da aiki. Idan ɓarɓashin roka ko tauraron ɗan'adam ya faɗo ya rushe wa mutum gida, wa za a kama, kamfanin ko gwamnati?

Amsa: Ɗan'uwa, gwamnati ce. Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967 ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin aikin kamfanoninta, shi ya sa dole kamfani ya nemi lasisi kafin ya harba komai. Yarjejeniyar Diyya ta 1972 kuma ta fayyace "ƙasa mai harbawa", wato wadda ta harba, ko ta sa aka harba mata, ko aka harba daga cikinta ko da kayan aikinta, to ka ga roka ɗaya sai ta rataya a wuyan ƙasashe uku.

Idan ɓarnar a doron ƙasa ta faru ko ta shafi jirgin sama yana tafiya, ana kiransa cikakken alhaki, ƙasa mai harbawa biya kawai za ta yi ba sai an tabbatar da sakaci ba. Idan kuwa can sama taurari biyu suka yi karo, sai an nuna mai laifi, abu mai wuyar gaske.

A 1978 tauraron Tarayyar Sobiyet, Kosmos 954, ya watsa tarkacen nukiliya a arewacin Kanada, a 1981 aka daidaita kan dalar Kanada miliyan 3.

Abin da ke damuna gaskiya, ƙarƙashin yarjejeniyar 1972 ɗin nan mai gidan ba shi da bakin neman diyya da kansa, sai gwamnati ta nema masa ta hanyar diflomasiyya, yawanci cikin shekara ɗaya.