Ka ce masa ya shigo da hular tukuna

Jiya bayan la'asar, ina tsakiyar canza gilashin wata salula, ka zo ka tsaya a kaina ka ce: "Maigida, ɗan kabu-kabun nan ya dawo da ekuter maras waya da na sayar masa shekaranjiya. Wai in ya sa hular kwano sai ya ji kamar ana soka masa ƙusa a kunne, in ya cire hular kuma sai guda ya faɗo ƙasa. Wane iri ya kamata in ba shi?" Ban tanka maka ba, don hannuna na kan kayan mutane, kuma ba amsar da ake bayarwa a tsaye ba ce. Yanzu ga shi an ɗauke wuta, kasuwa ta lafa. Jawo benci ka zauna.

Abin da ka ba shi ba shi da laifi, ni da kaina na saro shi. Laifinka ɗaya ne: ka karɓi kuɗin mai moto alhali hularsa na can rataye a kan moto a bakin Kasuwar Dole. Ka gwada masa a kunne tsirara, ya ji sauti ya yi daɗi, ya biya ya tafi. To ai ba haka zai yi amfani da shi ba. Daga yau duk mai moto da ya zo neman ekuter, kafin ka buɗe kwali ko ɗaya, ka ce masa ya koma ya shigo da hularsa. In yana naɗa rawani a ƙarƙashinta lokacin hunturu, kamar yadda yawancinsu ke yi saboda ƙura, ya zo da rawanin ma.

Miƙo min tsohuwar hular can ta bayan kanta. Sa hannunka ciki ka taɓa. Daga waje ɓawo ne mai tauri, sai farin soso mai ƙarfi irin wanda ake kewaye talabijin da shi a kwali, sannan katifa mai laushi da ke taɓa fata. Ka lura bakinta ya fi cikinta matsi, shi ya sa sai an ja igiyoyin nan biyu an buɗa ta kafin kai ya shiga. To lokacin da take sauka, katifar kumatu tana shafo kunne daga sama zuwa ƙasa, lokacin cirewa kuma ta shafo shi daga ƙasa zuwa sama. Duk abin da ya leƙo waje daga kunne sai ta tafi da shi. Irin wanda ka ba shi mai wutsiya ne, samfurin da ya bazu tun da Apple ya fito da AirPods a ƙarshen 2016 kowane kamfani ya bi sahu. Wajen sa hula katifa ta murɗa wutsiyar, bakin ekuter ya karkace ya tokare cikin kunne, ga ƙusar da yake faɗa maka. Wajen cirewa ta ɗago wutsiyar ta ƙasa ta cillar da shi. In a kan yashin Birni ne ya faɗi, da sauƙi, a tsince shi a hure. In cikin kwata ne, sai haƙuri.

Saboda haka abin da za ka fara dubawa siffa ce, ba sauti ba. Ka nemi ɗan dunƙulalle mai kama da ƙwayar wake, wanda ke kwanciya cikin kwarmin kunne ya ɓace. Masu wutsiya, da masu ƙugiya da ke zagaya bayan kunne, da masu kauri kamar murfin kwalba, duk ka bar su a kan kanta don masu tafiya ƙasa. Waɗanda ake ɗorawa a ƙashin gefen fuska ma, masu aika sauti ta ƙashi, ba su da wurin zama cikin hula. Ni gwajina biyu ne kuma ba ya cin ko dala. Na farko, ya sa a kunne ka tsaya gabansa ka kalle shi ido da ido: in kana hango ekuter ya zarce gefen kunne, ajiye shi. Na biyu, ya ɗora tafin hannunsa a kan kunnen ya danna sosai. Abin da ya ji a nan shi zai ji a cikin hula, sai dai na hula ba ya ɗagawa daga safe har azahar. In ya tsallake waɗannan, sai ya sa hular ya cire sau uku, ya waiga dama da hagu kamar zai tsallaka titi, sannan ka ba shi kujera ya zauna da ita a kai minti goma. Zafin matsi ba ya zuwa nan take. Minti goma ɗin nan su ne ke hana kaya dawowa.

Kada ka manta da ƴan robobin da ke cikin kwali. Yawanci girma uku ne, ƙarami da matsakaici da babba, kuma mutane suna jefar da sauran ba su ko gwada ba. Akwai wanda kunnensa na dama ke son matsakaici, na hagu ƙarami. Ka gwada masa duka.

Sai kuma wata masifa da ba ka sani ba tukuna, don ba a kawo maka ƙararta ba. Yawancin na yanzu ba su da maɓalli, taɓawa kawai ake yi. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa nan ransa a ɓace, ya ce ekuter ɗinsa na da aljanu: yana cikin sauraren wa'azi sai ya tsaya da kansa, ko ya tsallake gaba, ran nan har ya katse masa kiran mahaifiyarsa. Na sa ya sa hular a gabana, na ce ya yi magana. Da ya motsa muƙamuƙi sai katifar da ta jiƙe da gumi ta goga wurin taɓawar, abin ya ɗauka yatsa ne. Maganinsa, ka zaɓi wanda ake iya kashe taɓawar daga cikin manhajarsa a salula, ka kashe masa da hannunka kafin ya fita, har da abin nan da ke tsayar da sauti in ya ji kamar an zare shi daga kunne. Mai maɓalli na gaske ma yana yi, muddin maɓallin bai tsiro waje ba.

Yanzu juya kwalin nan ka karanta min abin da ke jikinsa. IPX4. Harafin da ke bayan IP na ƙura ne, lambar ƙarshe ta ruwa. X ɗin nan na nufin ba a gwada shi da ƙura ba, 4 kuma yana jure gumi da fantsamar ruwa. Mu a Damagaram ruwan sama na wata uku ne, ƙura kuwa ta shekara ce, don haka in ka samu mai IP54 ko IP55 ka fifita shi. Amma ko wanne ka ba shi, ka koya masa sharewa. Mafi yawan waɗanda ake kawo mana ana cewa gefe guda ya mutu, ba mutuwa suka yi ba. Ko dai ƙura ta haɗu da dattin kunne ta toshe ragar bakin, ko gumi ya bushe a kan ƴan ƙarafan caji. Busasshen tsohon buroshin haƙori ga ragar, ɗan alkol a auduga ga ƙarafan, sai ka ga ya farfaɗo. Kada ka sa allura a ragar, za ka huda abin da ke bayanta.

Zafi kuma shi ke cin batir. Wanda ke cikin kowane gefe bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma batirin litiyom ba ya son a yi masa caji in zafi ya haura digiri 45. A watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40 a garin nan, balle aljihun moto da aka ajiye a rana a tasha. Ɗan akwatin ajiyar ekuter kuwa caji yake yi masa duk lokacin da aka mayar da shi ciki. Ka ce masa ya riƙa sa akwatin a aljihun rigarsa. Salular ma aljihun ƙirji ya fi mata na bayan wando. An ce Bluetooth na kai mita 10, gaskiya ne, amma a fili. Jikin mutum yana tare siginar, shi ya sa sauti ke yankewa in ya waiga.

To ga inda nake son ka buɗe kunnenka kai ma. Ka tambaye shi ina yake aiki. Wanda ke yawo tsakanin Zengu da Birni da Sabon Gari daban, wanda ke ɗaukar hanyar Mirya ko Matamaye ko Tanut daban.

Na cikin gari, kunne ɗaya kawai. Ban yarda ka sayar wa ɗan kabu-kabu abin da zai toshe kunnuwansa biyu ka yi shiru ba. Ga odar mota, ga amalanken jaki da ya ɓullo daga lungu, ga yara ƴan makaranta, ga fasinja a baya yana cewa a nan zan sauka. In kunne ya ji, jiki ya tsira, ba a kan moto aka yi karin maganar ba amma kamar dominsa aka yi ta. A ƙasar nan hannun dama muke bi, mai wuce ka ta hagu zai zo, don haka ekuter a kunnen dama, na hagu a bar shi a buɗe. Ka tabbatar kowane gefe yana aiki shi kaɗai, don akwai tsofaffin samfuri da gefe guda ne uban gida, in ka mayar da shi akwati ɗayan ya yi shiru. Ribar wannan ma, in na kunne ya ƙare ga ɗan'uwansa cike a akwati.

Na doguwar hanya kuwa, abokin gabarsa iska ce. A gudun kilomita 100 a awa, ƙarar iska a cikin hula takan haura desibel 90, wato ma'aunin ƙarfin ƙara. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. Mutum ya ji iska ta rufe masa waƙa sai ya ƙure sauti don ya rinjaye ta, ya zama ƙara bisa ƙara. Ya sauka kunne na masa kuwwa, ya ce gajiya ce. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, kuma babu shagon da ake gyara shi. Irin wannan mutum robar da ta rufe kunne da kyau ta fi masa amfani, musamman ta soso mai komawa siffar kunne, don ta rage iskar ya saurara a hankali. Kada ka ruɗe shi da ANC, wato tsarin rage hayaniyar waje, ya ƙara kuɗi. Wannan fasaha tana iya rage gurnanin inji mai tafiya bai ɗaya, amma iska da ke bugun makirfo kai tsaye tana rikita ta. Ɗayan tsarin kuma, mai shigo da sautin waje, iskar zai ƙara masa.

Maganar kira, gaya masa gaskiya. Makirfon yana binne ƙarƙashin katifa, shi zai ji mai kiransa, mai kiran zai ji kamar daga rijiya ake amsa masa. Ya ji wane ne, ya gangara gefe ya tsaya, sannan su yi ciniki.

In mai hali ne kuma hularsa na da ramin kunne, ka nuna masa abin da aka yi don wannan aiki: ƴan lasifika masu faɗi kamar kwabo da ake mannawa cikin ramin, da makirfo a saitin baki, da maɓallan da ke waje a gefen hula. Sena da Cardo su ne suka yi suna a kai, akwai kuma masu sauƙin kuɗi. Ba sa shiga cikin kunne, don haka yana jin titi. A Faransa tun 1 ga Yuli 2015 an hana tuƙi da ekuter a kunne, har ga masu moto da keke, amma an bar irin wannan na jikin hula. Ka ga ba ni kaɗai ke da wannan tsoro ba.

Akwai abu ɗaya da za a roƙe ka, kuma ina son ka ƙi ko da za a ba ka jika biyar. Za a ce ka ɗan rarake farin soson nan a saitin kunne don ekuter ya samu wuri. Na taɓa yi, ina kamar shekarunka. Da ƙarfen walda na narka wa wani rami biyu masu kyau, har ina jin na yi gwaninta. Wani dattijo bakanike da ke kusa da mu ya karɓi hular ya juya ta, ya sa babban yatsa cikin ramin ya danna, sai ga ɓawon waje yana lotsawa. Ya dube ni ya ce, yaro, nan saitin me ne a kan mutum? Ban iya amsawa ba. Soson nan shi ke murƙushewa ya shanye bugu in an faɗi, ɓawon waje kuma ya baza bugun ya hana abu mai tsini hudawa. Sai da na biya mutumin rabin kuɗin sabuwar hula daga aljihuna. In ekuter da hula sun ƙi jituwa, ekuter ake canzawa.

Na jabu kuma ka riga ka san su: kwali na sheƙi, an rubuta awa 8, ya mutu kafin a idar da azahar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma fa sai in an gaya masa rariya ce. In mutum ya ce na jika biyu yake so, ba shi, ka faɗa masa iyakarsa. Lambar Bluetooth da ake bugawa da manyan baƙaƙe, 5.0 ko 5.3, ba ita ke sa ya zauna a kunne ba, kada ta ɗauke maka hankali.

Gobe in ya zo, ka karɓi mai wutsiyar ba tare da gardama ba, ka goge shi da alkol ka ajiye min a gefe. Ka ɗauko ƙananan nan guda biyu na layin ƙasa, baƙin da mai ruwan toka, ka gwada masa duka da hular a kansa. In da ciko ya cika, in da canji ka ba shi. Kuma ka sayo masa shayi wajen mai tebur ya sha kafin minti goman su cika, a lissafina.